Ɗana ya daina magana a gida

Maman Uku: Jama'a, ɗana mai shekara 14 ya canza. Tun da aikin babansa ya tsaya, kullum cacar baki muke, ni da baban. Da ya ji muryarmu ta tashi, sai ya ajiye cokali ya shige ɗaki. Makinsa ma ya faɗi. Balaga ce, ko mu ne?

Tsohon Malami: 'Yar'uwa, ki yi haƙuri, ku ne. Yaro kan ɗauka shi ne sanadin faɗan. Ku gaya masa ba laifinsa ba ne.

Babbar Yaya: Ƙanwata, lura da cinsa da barcinsa. In ya haura mako biyu a haka, ki kai shi wurin likita.

Maman Uku: Wane barci? Ƙarfe biyun dare nake jin motsinsa.