Wadanni ko Tsaunawa? Neman sunan Hausa ga dwarf na labaran almara

1/ Jama'a, musamman masu fassara finafinai da marubuta littattafan yaƙi, akwai kalmar da ya kamata mu tsayar da magana a kanta. A labaran almara na Turawa akwai wata al'umma da ake kira dwarf: gajeru ne kakkaura, gemu har ciki, gidajensu a ƙarƙashin duwatsu, kuma wajen ƙira ba su da na biyu. Kusan duk wanda ya zo fassara sai ya ce "wadanni" ya wuce. Ni wannan bai kwanta mini ba, kuma ina da wadda nake so mu gwada a madadinta, bayan na bi shawarwarin da wasunku suka kawo ɗaya bayan ɗaya.

2/ Wada a Hausa ɗan Adam ne kamar kowa. Uwa doguwa da uba dogo suna iya haifarsa, ya taso cikin 'yan'uwansa dogaye, yarensu ɗaya, addininsu ɗaya. Halitta ce ta jiki, ba ƙabila ba ce. Shi kuwa dwarf na almara yana da sarakuna, da gidajen sarauta, da yare, da irin tasa jana'izar. Kalmar da ke nuna tsawon mutum ɗaya ba za ta ɗauki duk wannan kaya ba.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Wadanni suna nan cikinmu, a kasuwa da makaranta da masallaci, kuma kowa ya san irin tsokanar da yara suke yi musu. In muka ɗora sunansu a kan halittar da labari ya ce ba mutum ba ce, mai kwaɗayin zinariya da riƙon gaba, yaron da ya kalli fim ɗin da daddare gobe da shi zai tafi aji. Bai kamata mu ƙara musu wannan ba.

3/ Mu koma tushe. Asalin waɗannan halittu tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai ne, inda ake ce wa ɗaya dvergr. Snorri Sturluson, mutumin Aislan, ya tattara da yawa daga labaransu wajen shekarar 1220. A wajensa, sun fara ne a matsayin tsutsotsi cikin naman wani ƙaton da aka gina duniya da gawarsa, daga baya aka ba su hankali da siffar mutane, suka zauna cikin ƙasa da duwatsu. Huɗu daga cikinsu ne ke tallafe da sama, sunayensu Gabas da Yamma da Kudu da Arewa. Ku lura, waɗanda aka ɗora wa sama a ka ba gajarta aka fara dubawa a jikinsu ba. Tsofaffin rubuce-rubucen nan ba su cika damuwa da tsawonsu ba ma. Abin da suke ta nanatawa shi ne dutse da ƙira.

4/ Labarin gudumar Tor, gwarzon tsawa cikin abubuwan bautar mutanen arewacin Turai na da, ya isa misali. 'Yan'uwa biyu ne suka ƙera ta, ɗaya a bakin wuta, ɗayan mai suna Brokkr yana zuga, an kuma gargaɗe shi kada hannunsa ya tsaya ko sau ɗaya. Sai ga wani ƙuda, tun suna ƙera wasu abubuwa biyu kafin gudumar. Ya cije shi a hannu, ya daure. Ya cije shi a wuya, ya daure. Da aka zo kan gudumar ya cije shi a fatar ido jini ya rufe masa gani, sai ya ɗaga hannu ya kore shi, zuga-zugin ya lafa na ɗan ƙyaftawar ido. Shi ya sa ƙotar gudumar ta fito gajera. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga yaro durƙushe yana danna zuga-zugin fata hagu da dama, gumi na shiga masa ido, maigida na riƙe da awartaki yana daka masa tsawa kada wuta ta mutu, ya san wanda ya tsara labarin nan ya san ƙira ciki da bai.

Su ne kuma suka ƙera igiyar da aka ɗaure wani ƙaton kyarkeci mai suna Fenrir bayan ya tsinka sarƙoƙi biyu. Da me suka yi ta? Da sautin takun kyanwa, da gemun mace, da saiwar dutse, da jijiyar beyar, da numfashin kifi, da yawun tsuntsu. Wato ƙirar tasu haɗe take da asiri.

5/ Wanda ya mayar da su cikakkiyar al'umma irin wadda muke gani yau a fim da wasannin kwamfuta shi ne J.R.R. Tolkien, tun daga littafinsa The Hobbit na 1937. Yawancin sunayen gajerun nan 13 na cikin littafin daga wata tsohuwar waƙar arewacin Turai ya ɗebo su. A duniyarsa gida bakwai ne, kowanne da kakansa, babban cikinsu gidan Durin, Masu Dogon Gemu. Suna kai shekara 250 a duniya. Matansu ba su wuce kashi ɗaya cikin uku ba, ba su cika fita ba, in ma sun fita baƙo ba ya bambanta su da maza, ga murya ga shiga. Mamacinsu ba a turbuɗa shi a ƙasa, sai a kabarin dutse. Kuma ba sa yafe cin mutunci: da aka kashe tsohon sarkinsu Thror aka wulaƙanta gawarsa, duk gidajen suka haɗa runduna aka yi shekara shida ana yaƙi.

Wannan al'umma ce, mai zumunci da gado da kunya da fushi. Sunan al'umma take buƙata.

6/ Hausa kuwa tana da ma'aunin da ya dace ɗas: Ba- a gaba, -awa a jam'i. Bakatsine, Katsinawa. Kyawunsa shi ne bai tsaya ga gari ko ƙabila ba, yana shiga har sana'a da matsayi: baduku da dukawa, bafade da fadawa. Mutanen da sana'arsu ita ce asalinsu, irin wannan suna ne nasu. Saura tushen da za a ɗora shi a kai, kuma a nan ne shawarwarinku suka yi ta shigowa.

7/ Wani yayana ya ce a yi Wadawa, a huta. Yaya, ai ba a rabu da Bukar ba, wadan yana nan a ciki, ga shi kuma kunne zai tafi Wadai ta ƙasar Cadi. Dutsawa na da masu shi a Jigawa. Tamawa, daga tama da ake narkawa a fitar da ƙarfe, ta burge ni ƙwarai, don ta taɓo ainihin sana'ar. Amma Tama ƙabila ce mai rai a gabashin Cadi da Darfur, kuma Hausawan can maƙwabtansu ne. Maƙera kuwa ta yi faɗi, ranar da Bature maƙeri ya shigo labarin an rikice.

8/ Malam, kai da ka kawo Yajuju da Majuju, Allah ya ƙara sani, na gane dalilinka: a bakin mutane ana kwatanta su da gajarta da haƙar bango. Amma su Alƙur'ani ne ya ambace su, a Suratul Kahfi da Suratul Anbiya, masu ɓarna ne a bayan ƙasa, kuma Zulƙarnaini ne ya yi aikin ƙarfen ya toshe su, ba su suka yi ba. Bai dace mu ɗauki abin da yake na imani mu liƙa wa halittar ƙage ba. Aljanu ma haka. Dwarf yana ci yana sha, ana ganinsa, takobi na kama shi, yana tsufa ya mutu. Dodanni kuwa sai ya sa mai karatu ya ɗauka su ne mugayen labarin.

9/ Ara kai tsaye fa, a ce Duwafawa? Ba haramun ba ne, da aro muka samu mota da tebur. Sai dai ba ta gaya wa kowa komai, kuma Baduwafe nauyi gare ta a harshe.

10/ Tawa shawarar ita ce Tsaunawa, daga tsauni. Namiji Batsaune, mace Batsauniya, yarensu da ɗabi'arsu Tsaunanci.

Ƙanwata da ta ce sunan bai nuna gajarta ba, gaskiyarki, kuma da gangan ne. A duniyar Tolkien ɗin kanta an yi wannan zaɓi. Al'ummar Elf, wasu dogayen halittu na labarin, suna da suna biyu da suke kiransu da shi: Naugrim, wato tsumburarru, da Gonnhirrim, wato gwanayen dutse. Na farko kallon raini ne daga dogo, na biyu girmamawa. Su kuwa Khazad suke ce wa kansu, yarensu ɓoyayye ne ba sa koya wa bare, har sunan gaskiya na kowane ɗayansu ba a faɗa, ba a ma rubuta shi a kan kabarinsa. Sunayen da muka san su da su na waje ne, na yaren maƙwabta. Ke nan in mu ma muka raɗa musu na waje da Hausa ba mu saɓa wa al'adarsu ba, illa dai mu zaɓi na mutunci. Gajartar kuwa sau ɗaya za a faɗe ta a farkon labari: "Tsaunawa, gajerun maƙeran cikin dutse." Daga nan mai sauraro ya riƙe.

11/ Wani ya tambaya ko ba za a rikita su da mutanen gaske mazauna tuddai ba, kamar na Gwoza ko Filato. Su ai mutanen kan dutse ake cewa, ko a kira kowa da sunan ƙabilarsa. Waɗannan kuwa a cikin tsaunin suke, ba a kansa ba.

12/ Ku ɗanɗana ta a baki:
"Sarkin Tsaunawa ya rantse da gemunsa sai ya karɓo gidan kakanninsa."
"Wannan sulke ƙirar Tsaunawa ce, mashi ba ya huda shi."
"Ta yi masa magana da Tsaunanci, ya tsaya cak, don bai taɓa jin bare ya furta shi ba."

Masu sa murya a fim, ku gwada ta a kan leɓe ku gaya mana. Batsaune gaɓa uku ce, dwarf kuwa ɗaya, don haka a wurin da ɗan wasa ya yi kira da sauri za ku sha ɗan aiki. A irin wannan wuri "kai maƙeri" ko sunan mutumin kansa zai toshe gurbin.