HMaster yana tashi yana mutuwa: in koma tsohon Hadoop ne ko in canza HBase?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa haɗa HBase, rumbun bayanan nan da ke zama a kan Hadoop, a kan inji fiye da ɗaya. A wurin aikinmu an ba ni kwamfutoci uku, kowacce da RAM giga 8, Ubuntu 22.04 da Java 11. Na sa Hadoop 3.3.6, manhajar da ke rarraba bayanai a kan injina da yawa, yana tafiya lafiya lau, shafinsa na dubawa (port 9870) yana nuna DataNode uku, wato injinan da ke riƙe bayanan, duk a raye. ZooKeeper, mai daidaita tsakanin injinan, shi ma ya zauna. Amma da na ɗora HBase 2.5.8, in na buga jps don ganin abin da ke gudana sai in ga HMaster, wato shugaban HBase ɗin, kafin in ƙirga goma ya ɓace. Log ɗin yana cewa ya tarar da HdfsFileStatus a matsayin interface, alhali class yake tsammani (nau'i biyu ne daban a harshen Java). Alhamis ta sama oga zai zo ya gani. In rushe Hadoop in koma 2.10, ko HBase ɗin zan canza? Akwai bayanai kusan giga 60 da na kwana biyu ina lodawa cikin HDFS, ma'ajiyar fayilolin Hadoop, shi ya sa nake tsoron taɓa komai.

Ɗan Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Ka sa Docker ka huta, malam.

Abban Sadiq: Giga 60 kacal? Rumbun bayanai na PostgreSQL a inji ɗaya zai ɗauke wannan ko gumi bai yi ba. Me ya kai ka HBase?

Ɗan Fagge: Ba ni na zaɓa ba, Yallaɓai. A takardar kwangila aka rubuta.

Injiniya 'Yar Zazzau: Ƙanena, duba sunan fayil ɗin da ka sauke. HBase 2.5.8 iri biyu aka fitar da shi: wanda sunansa ya ƙare da bin kawai, an gina shi ne a kan Hadoop 2, na biyun akwai hadoop3 a cikin sunansa. Na farkon ne a hannunka, ina da yaƙini. A Hadoop 2 wannan HdfsFileStatus class ne, daga baya a zuriyar 3 aka mayar da shi interface. Shi kuma HBase in zai tashi yakan kwaso jar ɗin Hadoop, wato fayilolin Java ɗinsa, da ya tarar a injin, sai ya ci karo da abin da ba a gina shi da shi ba. Kada ka taɓa Hadoop ɗinka. Sauke mai hadoop3, ka mayar da fayil ɗin saitinka, hbase-site.xml, ciki, a injinan uku duka.

Baban Ummi: Don Allah, duk abin da za ka yi, kada ka buga hdfs namenode -format. Ni na buga, kuma har yau ban warke ba.

Shekara biyu ke nan. Wata ƙungiya ta ba ni aikin ajiye rajistar manoma, inji huɗu. Wata huɗu yara suna yawo ƙauyuka a kan babura suna tattaro sunaye da girman gonaki. Da inji ɗaya ya lalace muka sa sabo, sai na ga sabon Hadoop ya fito, na ce bari in sa shi a wannan ɗin. Washegari abubuwa suka rikice. Ƙarfe biyun dare, ni kaɗai a ofis, janareta na ƙara a bayan taga, na ci karo da wani bidiyo da mai shi ya ce a yi format a sake tayarwa. Na buga, ya tambaye ni ko na tabbata, na danna Y. Ko daƙiƙa biyar bai ɗauka ba.

Daga nan DataNode duk suka ƙi shiga, wai lambar shaidarsu, clusterID, ba ta yi daidai da ta NameNode, mai riƙe kundin fayiloli, ba. Bayanan suna nan a faifai, ina ganinsu da idona, dubban fayiloli masu suna blk da lamba, amma kundin da ya san wane gutsure ne na wane fayil ya tafi. Kamar a zubar da buhun gero cikin yashi. HDFS yana ajiye kowane gutsure sau uku, shi ya sa na saki jiki ban yi wani kwafi a waje ba. Sai a daren nan na gane sau ukun nan ba ya kare ka daga hannunka. Ragowar kuɗina ba su biya ba, mutumin da ya kawo ni aikin kuwa ko a ɗaurin aure muka haɗu sai ya kau da kai.

Ɗan Fagge: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Baba. Wallahi jiya na kusa bugawa.

Maman Hanif: Allah ya sa kaffara ce. Amma Ɗan Fagge, kwamfutocin nan naka sababbi ne ko tokumbo? In tokumbo ne ka canza ƙaramin batirin agogonsu. Agogon inji ɗaya in ya saɓa da na HMaster fiye da daƙiƙa 30, RegionServer, wato ma'aikacin HBase da ke kan injin, ba zai shiga ba. Namu duk ɗaukewar wuta sai agogo ya koma baya. Naira 500 na sayi batirin, sannan na sa chrony, manhajar daidaita agogo.

Abban Sadiq: 500 a ina, Hajiya? 1,500 na saya watan jiya. Kuma UPS ya fi batiri muhimmanci, dubu 85 na samu mai kyau a Beirut Road.

Ɗan Sabon Gari: Na dubu 85 ba zai riƙe inji uku minti biyar ba. Namu dubu 140 ne, shi ma da ƙyar.

Malam Na Tsangaya: Ni dai abin da nake koya wa ɗalibaina, jagorar HBase ta ce a musanya jar ɗin Hadoop da ke cikin folda lib da na wanda ke kan injinanka. Ɗan Fagge ya yi haka kawai. Akwai kuma teburin da ya jera wane HBase ke tafiya da wane Hadoop da wane Java, nan ya kamata kowa ya fara.

Injiniya 'Yar Zazzau: Malam, teburin gaskiya ne, kowa ya duba shi kafin ya sauke komai. Amma musanya jar ba za ta yi masa magani ba, don HBase ɗin kansa ne aka gina a kan Hadoop 2. Ƙarin jar na 3 ƙarin ciwon ne.

Malam Na Tsangaya: Shekara tara ina koyar da wannan darasi.

Baban Ummi: Allah ya ƙara ilimi, Malam, amma a aji in ya rushe sai a goge a sake. Bayanan mutane nawa ka taɓa riƙewa a kai? Ni Injiniya zan bi.

Ɗan Sabon Gari: Kun haɗa giwar da ke tambarin Hadoop da ZooKeeper, mai gadin gidan zu, a ɗaki ɗaya, ga zafin Kano, ga babu wuta. Ai dole wani ya sume!

Maman Hanif: Abin da ke ci mini rai a labarin Baban Ummi, na tabbata da ya nemi kuɗin faifan ajiya na waje cewa za su yi babu a kasafi. Sau uku ina rubuta takardar neman UPS a ofishinmu. Ranar da wuta ta ƙona inji, ni aka kira gaban manaja.

Baban Ummi: Na nema, Hajiya. Cewa suka yi a bari sai kashi na biyu na kuɗin ya fito.

Abban Sadiq: Haka suke. A sayi kujerun ofis na miliyoyi, a bar mai kula da injina yana sayen data da kuɗin aljihunsa.

Ɗan Fagge: Injiniya, kin yi gaskiya, babu hadoop3 a sunan nawa. Na fara sauke ɗayan, ya kai rabi aka ɗauke wuta. Kafin in tayar da sabon, sai na goge /hbase da tsohon ya bari a cikin ZooKeeper, ko in bar shi?

Abban Sadiq: Datar da kake saukewa da ita, ofis ne ya saya ko kai?