Neman Hausar "chui tou sang qi"

'Yan'uwa, ku taya ni. Sinawa suna da wani karin magana mai gaɓa huɗu, chui tou sang qi, ana furta shi kusan "cwei tou sang ci". Chui rataya ne, tou kai, sang rasawa, qi kuma numfashi ko kuzarin rai. Wato mutum kansa ya rataya, kuzarinsa ya tafi. Ina neman Hausarsa.

Asalinsa ne ya fi ba ni dariya. Han Yu, marubucin zamanin daular Tang, wanda ya rayu daga 768 zuwa 824, ya yi wani rubutu a shekarar 811 kan sallamar talauci. A ciki, maigida ya gaji da aljanun tsiya biyar da suka liƙe masa: na basira, na ilimi, na rubutu, na ƙaddara da na abota. Ya sa aka saƙa musu keken kaya da rassan itace, aka ɗaura kwalekwale da ciyawa, har da guzuri, ya ce su kama hanya. Aljanun suka kwashe da dariya, suka ce ai mu ne za mu sa sunanka ya daɗe a duniya, ka kore mu? Nan maigida ya yi chui tou sang qi, ya gode musu, ya ƙone keke da kwalekwale, ya zaunar da su a mazaunin manyan baƙi.

Wani ya ce a sa "sunkuyar da kai" kawai. Malam, ban yarda ba. A wurinmu yaro yana sunkuyar da kai gaban mahaifinsa don ladabi, amarya don kunya. Mai karatu zai ɗauka maigidan nan tarbiyya ce ta kama shi.

"Tagumi" ma an kawo. Yana da hoto, hannu a kumatu, amma mai tagumi tunani yake yi, wataƙila ma dabara yake nema. Wannan kuwa ya riga ya sallama.

Wata yayarmu ta ce "kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki". Gaskiya na yi dariya, kuma ya dace da barkwancin Han Yu ƙwarai. Sai dai ba za ka faɗa wa ɗalibin da ya faɗi jarrabawa haka a gabansa ba, kuma ya yi tsawo.

Ni dai na tsaya a kan gwiwa. Inda Basine ya ajiye karaya a kai da numfashi, Bahaushe a gwiwa ya ajiye ta: ana ƙarfafa gwiwa, ana sage ta, tana yin sanyi. Don haka in suna ake so, "sanyin gwiwa". In cikin labari ne, "gwiwarsa ta yi sanyi, ya yi jugum", sai jugum ɗin ya ɗauki nauyin kan da ya rataya. Yaya, kazarki na ajiye ta, da ita zan fassara wurin ƙone kwalekwalen.