Abin da aka tattauna a majalisar 'yan gem ta Samaru

Jiya bayan isha'i musu ya kaure a shagon gem ɗinmu, wai yadda Street Fighter, gem ɗin faɗa, ke zana mutanen cikinsa. Wasu suka ce Dhalsim raini ne ga Indiyawa, mutum da ƙoƙon kai a wuya yana feso wuta, wasu kuma suka ce ai Blanka ma kore aka yi shi a ce ɗan Birazil ne. Ni dai abin da ya dame ni Elena 'yar Kenya ce, tun 1997 take cikin gem ɗin amma salon faɗanta kapoyera ne na Birazil, to ina na Afirka?

Sai aka koma Pac-Man, gem ɗin da kake cin ƙwayoyi fatalwowi na bin ka. Shawarar da kowa ya yarda da ita: ka san halin fatalwowin. Jan nan kai yake bi kai tsaye, mai ruwan hodan gabanka yake tarowa, don haka kar ka cinye manyan ƙwayoyin guda 4, masu ba ka damar cinye fatalwowin, da wuri, bari sai sun taru a bayanka tukuna. Ramin gefe kuma, wanda in ka shiga za ka ɓullo ɗaya gefen, fatalwowin suna rage gudu a ciki, nan ne mafita in an matsa maka.

Wani yaya ya ce shi alam yake sawa, in ba haka ba "bari in ƙara ɗaya" sai ka ji kiran asuba.