Musayar waƙa: jirgin yaƙin da ya faɗi da fasinjoji a Bradley

Ɗan Tasha:
Assalamu alaikum. Yau jirgin B-17 mai suna Nine-O-Nine (sunan da ya gada daga wani B-17 na asali da ya je yaƙi) za mu ɗauka, wanda ya faɗi a filin jirgin Bradley na jihar Connecticut a Amurka ranar 2 ga Oktoba 2019. Mutum 13 ne a ciki, 7 suka rasu. Fasinjojin 10 ne, kuma a lokacin dala 450 ake biya don a ɗana hawa jirgin zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Ga buɗi:

Na fara da sunan Mai sama,
Wanda bai gaji, bai yi barci ba.
Tsohon jirgi ya haura saba'in,
Masu shi ba su bar shi huta ba.
Aka yanka kuɗin kujerarsa,
Ba a dubi nauyin shekaru ba.
Ya tashi da safe ana murna,
Minti goma bai kai a sama ba.
In ba gidan adana tarihi ba,
Ban ga wurin da ya dace shi ba.

Malam Na-Zaure:
Yaro, ka zargi tsufa a banza,
Tsufa ai ba shi ne cuta ba.
A hamadar Nevada an gwada shi,
Bam uku na nukiliya bai mutu ba.
Ya yi ta kashe gobarar daji,
Ruwa a cikinsa, bai kasa ba.
Ranar da ajali ya yi kira,
Sabon jirgi ma bai tsira ba.
Kai da ka iske mu cikin waƙa,
Ba ka kai ka raina furfura ba.

Gwajin nan a 1952 aka yi shi, don wanda zai yi musu.

Gimbiyar Alƙalami:
Allah ya ja zamanin Malam! Ɗan Tasha, a koma lodi, an rufe maka baki.

Ɗan Tasha:
Baba, furfurarka na girmama,
Ban ce kai ne jirgin nan ba.
In ka ji zafin batun tsufa,
Zuciyarka ce, ba bakina ba.

Bakanike:
Ku duka biyun kun bar inji kuna ta shekaru. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta fitar da rahotonta a Afrilun 2021, ga abin da ke ciki (maganeto shi ne na'urar da ke ba fulogi wuta):

Baba, ajali gaskiya ne,
Amma bai hana bincike ba.
Inji na huɗu ya fara tari,
Maganetonsa ba lafiya ba.
Da 'yar waya aka ɗaure layin,
Ba a yi gyaran ƙwarai ba.
Na uku da za shi ɗauki nauyi,
Ba a kula da fuloginsa ba.
Matuƙi ya saki taya da wuri,
Gudun bai ishe shi sauka ba.
Ya doki fitilu gaban titi,
Ya yi dama, bai miƙe ba.
Tankin ruwan narke ƙanƙara,
Nan ya tsaya, wuta ba ta jira ba.
A ɗaure raƙumi kafin tawakkali,
Wannan ba ni na fara faɗa ba.

Ɗan Arulli:
Afuwan, amma ba zan iya shiru ba. Malam, “Bam uku na nukiliya bai mutu ba” gaɓa 12 ne, alhali “Tsufa ai ba shi ne cuta ba” 9 ne. A wane kari kuke? Ba Mutadarak ba ne, ba Rajaz ba. Sannan tun buɗi kowa ya rataya a amsa-amon “ba”, wanda ko yaron firamare ya kore magana zai same shi.

Gimbiyar Alƙalami:
Kai kullum sai awo kamar mai sayar da yadi. Rera shi ka ji ko zai yi tuntuɓe. Malam tun ba a haife ka ba yake waƙa.

Ɗan Arulli:
Na rera, Yaya, kuma ya yi tuntuɓe a “nukiliya”. Shekaru ba sa gyara karyayyar ƙafa.

Ɗan Tasha:
Abin da nake faɗa ke nan tun farko, a jirgi da a waƙa.

Gimbiyar Alƙalami:
Kai da baitinka na ƙarshe a buɗi ya saka “ba” sama da ƙasa, har kana da bakin magana?

Uwar Biyu:
Haba jama'a. Na sauya amsa-amon, ko ma samu a koma kan mutanen.

Kuna ta ƙirgen gaɓa da ƙafa,
Can ga iyalai suna ta kewa.
Bakwai da suka fita da safe,
An jira su, babu dawowa.
Wasu a daɓen jirgin suka zauna,
Bel irin na soja, babu koyarwa.
Akwai wani soja cikin fasinja,
Ga rauni, ga wuta tana tasowa.
Da safar hannu mai jure wuta,
Ya kama ƙofa ya yi buɗewa.
Shi ya cancanci baitocinku,
Ba gardamar da ba ta ƙarewa.

Ɗan Arulli:
Wannan kam ya zauna, Hajiya, ban da ɗango na shida.

Bakanike:
Na bi Hajiya a “wa”, don Ɗan Arulli ya san ba ƙarancin kalma ya hana mu ba.

Matuƙin saba'in da biyar gare shi,
Gwani ne, kowa yana yabawa.
Awa dubu bakwai a irin jirgin,
Ba a sami na biyunsa a ƙwarewa.
Sai dai shi ne shugaban gyara,
Shi ke tuƙi, shi ke dubawa.
Mai aiki in shi ne alƙali,
Wa ya rage da ikon hanawa?
Hukumar da ke sa musu ido,
Ita ma ta yi sake a bibiyawa.

Nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Fasinja ya ba da kuɗinsa ne bisa amanar cewa akwai wani ido na biyu. Sai a Maris 2020 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta janye wa gidauniyar Collings, masu jirgin, izinin ɗaukar fasinja.

Malam Na-Zaure:
Na yi jinkiri, jiki ne ya motsa. Ɗan Arulli, ɗangona na nan yadda yake, ba zan yanke wa bam ƙafa don ya shiga mudunka ba. Bakanike, kai nake nufi:

Ɗana, mamaci ake wa sassauci,
Ya tafi, ba shi da bakin ramawa.
A kujerarsa ya cika yana fama,
Bai bar jama'arsa don tserewa.
Sama da dubu sha biyu aka ƙera,
Yau 'yan kaɗan ke iya tasowa.
Kuɗin fasinja ke riƙe da su,
In ka hana, sai tsatsa da ruɓewa.
Na asalin ya je yaƙi ɗari da arba'in,
Aka yanka shi, ba mai tunawa.

Bakanike:
Baba, ban zagi mamaci ba,
Tsarin nake nufi a gyarawa.
Mai tuƙi daban, mai duba daban,
Sannan a kira mutane hawa.

Ɗan Tasha:
Ni ko hakan ban yarda ba.

Ya tashi, mu kalle shi daga ƙasa,
Ƙararsa ta isa tunatarwa.
In kuɗin kujera ke ciyar da shi,
A nemi wata hanyar ciyarwa.

Malam, ka faɗa min ƙarara: da jikanka ya riƙo dala 450 ya ce zai hau, za ka sa masa albarka?

Gimbiyar Alƙalami:
An ce maka jikinsa ya motsa. Ka bari ya samu sauƙi, ni zan amsa maka da dare, kuma da ƙwar biyar.