Da za a ba Kano tsohon kan jirgi

Malamar Tarihi, Gwale:
Salamu alaikum 'yan zaure. A gidan tarihi na Jos an ajiye kan jirgin tsohon layin Zariya zuwa Jos. Mu ƙaddara an kawo wa Kano nata, mai cin kwal. Yaya za a yi kada ya ruɓe a hannunmu? Ƙwar biyu, amsa-amo "wa". Bismillah.

Dogo ya iso Kano a 1911,
Daga Baro, bakin Neja, aka soma shimfiɗawa.

Faɗinsa ƙafa uku da inci shida,
Milimita 1,067 ga mai son aunawa.

Na Zariya zuwa Jos ƙafa biyu da rabi ne,
A 1957 aka yi masa rufewa.

Don haka kan da ke Jos, ko an ba mu aro,
Ba zai hau digarmu ba sai an kafa sabuwa.

Ku masu sana'a, ga tambayata:
Me za a fara masa ranar saukewa?

Mai Fenti, Fagge:
Malama, ai abin ba shi da wuya,
A wanke shi tas, a ba shi kwana biyu na bushewa.

A kankare tsatsa da burushin waya,
Jan fenti hannu biyu shi ne na farawa.

Baƙi mai sheƙi a bi shi a sama,
Tagulla a goge ta har fuska na nunawa.

Sai a hura masa wuta ran hawan Sallah,
Yara su ji usur, su ga hayaƙi na tasowa.

Baba Direba, layin Nguru:
Ɗana, wannan kitso ne da ƙwarƙwata,
Ciwon kan jirgi daga ciki yake somawa.

Fara da tukunyar tururi, buɗe famfonta na ƙasa,
Ko ɗigo kar a bari a ciki yana kwantawa.

Kwance toshe-toshen wanki na gefe da gindi,
A sa tiyo a kori laka da ɓawon da ke mannewa.

A bar ramukan a buɗe, a ɗaura musu raga,
Iska ta ratsa, ɓera ya rasa ta shigewa.

Sai akwatin hayaƙi da ke can goshi,
Buɗe ƙofarsa, toka na jiran kwashewa.

Tokar kwal da farar wuta a cikinta,
In ta sha ruwa asid ce, ƙarfe take cinyewa.

Bututun hayaƙi a kifa masa murfi,
Ruwan Agusta ta nan yake zubowa.

Kaskon toka da taragon kwal ma haka,
A share, a buɗe magudana inda ruwa ke taruwa.

Maƙerin Tukunya:
Baba ya gama da ruwa, ni zan taɓa wuta,
Ƙanena mai son usur, matso ka ji kaɗan daga masaniya tawa.

Tukunyar da ta shekara a kwance,
Ba a kusa da ita da ashana sai bayan gwadawa.

A cika ta fal da ruwa, kar a bar iska,
Ninki ɗaya da rabi na matsin aikinta famfo ke kaiwa.

Ruwa in ya sami tsaga, tsiyaya yake yi,
Tururi in ya samu, tukunyar ce ke tarwatsewa.

Tsakanin bangon murhu da bangon tukunya,
Ɗaruruwan sanduna ne suke riƙewa.

A bi su da guduma, ɗaya bayan ɗaya,
Lafiyayya tana amo, karyayya sai dushewa.

A rufin murhu akwai toshe mai cikin dalma,
In ruwa ya yi ƙasa, dalmar ce ke narkewa.

Tururi ya feso kan wuta, gargaɗi ke nan,
Tsohon toshe ba a yarda da shi, sai sakewa.

Ƙarƙashin rigar kwano kuma akwai bargon asbesto mai riƙe zafi,
Danshi yake sha, tsatsa na ci ba mai ganewa.

Ƙurarsa huhu take kashewa a hankali,
A jiƙa shi, a sa takunkumi, gwanaye ke cirewa.

Mai Fenti, Fagge:
Yaya, na janye ashanata, Allah ya huci zuciya,
Sai dai ƙafafun nan ba ku yi musu tanadi ba har yanzu kuwa.

Ni dai giris zan lafta bokiti guda,
Daga sandar fistin har inda take haɗewa.

Baba Direba, layin Nguru:
Lafta, ɗana, amma ka tuna nan Kano ce,
Ƙurar hunturu a kan giris take sauka tana daskarewa.

Giris da yashi samfefa ke nan,
In ka tura shi haka, ƙarfen kake gogewa.

Wanke tsohon da kananzir kafin a motsa,
In ya tsaya, sabon giris ake shafawa.

Akwatin man ƙafa, ruwa yana ɓuya ƙasan mai,
Tsiyaye shi, in ba haka ba wuyan sandar ƙafar ke zaizayewa.

Nauyi a wuri ɗaya yana matse mai daga bushin,
Don haka wata-wata a tura shi, ƙafa na juyawa.

Zana alli a ƙafa don ka gane,
Kar ya tsaya inda ya tsaya a turin da ya wuce, ka ji kuwa?

Famfunan ƙasan silinda a bar su a buɗe,
Raɓar da ta taru ciki ta sami ta ficewa.

Birkin hannu a sake shi, a sa waigi gaba da baya,
Takalmin birki in ya daɗe a ɗaure, da ƙafa yake liƙewa.

Kafinta, Ƙofar Wambai:
Malama a gafarce ni, "wa" ta ƙare a hannun su Baba. Na koma "ra".

Kun manta tarago, ku mutanen ƙarfe,
Shi katako ne, abokin gabarsa gara.

Daga ƙasa take gina hanyar laka ta hau,
Ciyawa ko itacen da aka jingina, nan take fara.

Rufi in ya tsage a baki, ruwa ginshiƙi yake bi,
Gindinsa, inda ya hau ƙarfe, can yake tara.

Soka sukundireba a wurin ka gani,
In ya nutse kamar a tuwo, ginshiƙin na son gyara.

Kowane allo ka cire, rubuta masa lamba,
Ran mayarwa ba ka tsaya kame-kame wajen jera.

Ƙusar ƙarfe in ta yi tsatsa kumbura take,
Ta tsaga katako, ta tagulla ita ta dara.

Kar a naɗe shi da leda, gumi zai yi a ciki,
Rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe za a tsara.

Malamar Tarihi, Gwale:
An yafe wa kafinta, tunda ya zo da rumfa. Na dawo da "wa".

Akwai jinsin kan jirgi da aka sa wa sunayen koguna,
Daga Birtaniya, a 1948 suka fara isowa.

Ƙafa biyu gaba, takwas tsakiya, biyu baya,
Allon suna na tagulla a gefe ake kafawa.

Shi 'yan gwangwan ke fara ɓallewa da dare,
A kai na asali ciki, kwafi ake maƙalawa.

Kai kuma mai fenti, kafin burushinka ya sauka,
Ɗauki hoton lamba da rubutun da ke dushewa.

Mai Fenti, Fagge:
Na ji, Malama, zan bar tafin hannu guda ban kankare ba,
Bayan ɗakin direba, inda rana ba ta kaiwa.

A nan za a ƙirga fenti hawa nawa ya sha,
Na can ƙasa shi zan kai kanti a haɗa mini irinsa kuwa.