Malamin ƙanwata ya riƙe mata furojet, ina za mu kai ƙara?

Assalamu alaikum 'yan uwa. A ɓoye sunana don Allah. Ƙanwata tana shekarar ƙarshe a wata babbar makarantar gwamnati a nan Katsina. Malamin da ke duba mata furojet, wato rubutun binciken kammala karatu, ya riƙe babi na uku tun kafin azumi. In ta je ofis sai ya ce ba ya duba aiki a ofis, ta same shi a wani masauki bayan la'asar. Ƙarfe sha ɗaya na dare yake turo mata saƙo a WhatsApp. Ni sai shekaranjiya na sani, da na tarar da ita a ɗaki tana kuka ta kife wayar a kan katifa. Baba bai sani ba, in ya ji cire ta zai yi, ga shi saura wata huɗu ta gama. Akwai dokar da za ta kama mutumin nan?

Wata uwa daga Daura: 'Yata, ku rufa wa kanku asiri. Ku samu wani dattijo ya yi masa magana a gefe. In zancen nan ya fita, sunan yarinyar za a riƙa yawo da shi, ba nasa ba.

Wani lauya: Hajiya, da girmanki, amma maganar gefe ita ke ba su damar komawa kan wata. 'Yar uwa, kafin komai kada ta goge saƙo ko ɗaya. Ta ɗauki hotonsu da lambarsa da kwanan wata a jiki, ta tura wayarki, don yana iya gogewa daga ɓangarensa.

Maganar doka kuwa, ƙudurin da aka yi musamman don hukunta malaman manyan makarantu masu neman lalata da ɗalibai, wanda Sanata Ovie Omo-Agege ya kawo, Majalisar Dattawa ta amince da shi a 2016, ta sake a 2020 da hukuncin da ya kai shekara 14, amma Buhari ya sauka bai sa hannu ba. Wannan bai hana a ɗaure malami ba. A Disamban 2018 ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, ta sa kotun tarayya a Osogbo ta yanke wa Farfesa Richard Akindele na jami'ar Ife shekara 2, kuma muryarsa da ɗalibar ta naɗa a waya ce ta kayar da shi. ICPC tana ɗaukar neman lalata don maki a matsayin cin amanar ofis, daidai da cin hanci. Ga kuma dokar VAPP ta 2015, ta hana cin zarafin mutane, wadda Gwamna Dikko Raɗɗa ya sa wa ta jiharmu hannu a ƙarshen 2023. Ku nemi ƙungiyar lauyoyi mata, FIDA, suna karɓar irin wannan ba tare da kuɗi ba.

Wata malama: Ni a cikin aikin nake. Koke na baki ba ya zuwa ko'ina, shugaban sashe zai ce mata ta yi haƙuri, shi ke nan. Ta rubuta takarda zuwa ofishin harkokin ɗalibai, ta yi kwafi biyu, a buga mata hatimin karɓa a nata. Layin farko ta nemi a canza mata mai duba furojet. Kuma daga yau kada ta sake shiga ofishinsa ita kaɗai.

Wata uwa daga Daura: To, ban ƙi ba. Amma ku gaya wa mahaifinta da bakinku. Ya ji a gida ya fi ya ji a majalisa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Saƙonnin suna wayata yanzu, har da na murya guda biyu. Baba kuwa, Kawu zan fara samu gobe bayan Azahar, maganarsa kaɗai Baba yake ji.